Mai Ƙofar Dama

Abokina, tunda ka zo kana huci wai an rage ku a wurin aiki, gyara zama in ba ka misali. Ni da boko a aji huɗu muka raba gari, amma in dai misali ne, ko mai digiri uku ya zo nan sai ya cire hula ya saurara.

A wani gari an yi wani kamfanin haɗa motoci wanda gwamnati ta goya a baya kamar jariri. Ta yafe masa haraji, ta rage masa kuɗin wuta, motocin da ya haɗa kuma ita ce ke kwashe rabi ta raba wa ma'aikatunta. A cikin masu aiki a wurin akwai wani mutum da aka tsayar a kan layi aka ce aikinsa ɗaya ne tak: in gangar mota ta iso gabansa, ya rataya mata ƙofofin dama, ya ɗaure, ya rufe ya ji ƙara, ya tura gaba. Ƙofofin hagu na wani ne. Shekara goma sha huɗu yana wannan, har ya kai in an rufe ƙofa a bayansa, ba sai ya waiga ba zai gaya maka wane noti ne bai zauna ba. A unguwa kuwa Injiniya ake ce masa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa kiran ba. Ana nan sai gwamnati ta ce bayanta ya gaji, ta kwance goyo. Ashe jaririn bai taɓa koyon tafiya ba. Motarsa ɗaya kuɗin 'yan Kwatano uku, wa zai saya? Wata shida ba su cika ba jiniyar safe ta yi shiru, aka garƙama wa ƙyauren kwaɗo, aka miƙa wa kowa takardar sallama.

Injiniya ya goge takalmi ya shiga gareji-gareji neman aiki. A tambaye shi, ka iya sauke inji? A'a. Birki fa? A'a. Wayoyin wuta? Nan ma a'a. Abin da ya iya ɗin kuwa kunya ta hana shi faɗa, don a ganinsa ƙato da gemu ya ce shekara sha huɗu ƙofa yake ratayawa, ƙofar ma ta gefe guda, abin dariya ne. Haka ya bi gareji tara yana ɓoye abu ɗayan da ya fi kowa sani. Da buhun masara ya taɓa ƙasa, ya yanke shawarar cire 'ya'yansa uku daga makaranta ya mai da iyali ƙauye, inda ya bari tun yana saurayi, inda ko kunya ɗaya ta gona ba shi da ita. Ya ce bari ya fara zuwa shi kaɗai ya roƙi ɗaki a gidan yayansa. Ya je tasha, ya shiga motar da ke lodi, ya zauna a baya ta dama. Mota ta cika, ɗan kamasho ya zo rufe ƙofa, ta ƙi. Ya buga, ta dawo. Ya sa ƙugu ya banka, ta sake dawowa kamar mai gardama. Direba ya zaro igiya daga ƙarƙashin kujera zai ɗaure ta da jikin mota, yadda ya saba tun bara. To fa, nan abu ya gagari mutumin naka. Yunwa ya jure, dariyar makanikai ya jure, amma a ɗaure ƙofar dama da igiya a gabansa, wannan kam ina! Ya fito ya ce a ara masa sifana. Direba ya ce, "Malam, makanikai huɗu sun taɓa ta." Injiniya ya karɓi sifanar. Ya ɗaga ƙofar da gwiwa, ya sassauta noti biyu, ya cusa ɗan guntun gwangwani a bayan ƙarfen da take rataye, ya ɗaure, sannan ya tura ta da ɗan yatsa ɗaya. Ƙas! Ta zauna kamar yau aka fito da ita daga leda.

Kafin ya miƙa sifanar, direbobi biyar sun kewaye shi, kowa na jan hannun rigarsa. Ka san ƙofar direba mai ita ke buɗe ta, da lallashi. Ta hagu ta baya kullewa suke yi don kada fasinja ya fita ta tsakiyar titi. Ita kuwa ta dama, kowa da kowa ne: mai buhu, mai akuya, mai fushi da matarsa, kowa ya sauka sai ya huce a kanta. Duk tashar nan babu motar da ƙofarta ta dama ke da lafiya, makanikai kuma sun raina aikin, hankalinsu na kan inji. Motar ƙauye ta tashi da wani a kujerarsa. La'asar ta yi masa yana kan ƙofa ta goma sha ɗaya, ya koma gida da cefane a hannu biyu, washegari yara suka saɓa jaka suka tafi makaranta. Yanzu rumfa ce da shi a bakin tashar, har daga wasu garuruwa ake kawo masa, kuma babu wata gwamnati da ke goye da shi balle ta gaji ta sauke.

Saboda haka share gumin nan ka sha ruwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wani hani ga Allah baiwa ne.