Bishiyoyin Kaka

Ina shekara bakwai, zamanin da Bature ke zagaya ƙauyuka a kan doki, kakata ta ja ni zuwa gonarta a Yindiski bayan la'asar. Bangizimiya ce, Hausarta a karye take, amma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa.

Muna isa gindin wata tsamiya ta dafa ta.

"Wannan Maina ne," in ji ta. "Na fari da na haifa. Kwana arba'in ya yi a duniya."

Muka yi gaba. Kuka ta zama Hajara, aduwa ta zama Bukar. 'Ya'ya shida ta binne kafin mahaifina ya rayu, kowanne ta ba shi bishiyarsa a kan hanyar gonar.

Na ce, "Kaka, ai zan riƙe su a kaina."

Ta dungure min kai. "Kai tulu ne mai yoyo, maigidana. Rataya suna a jikin abin da ido ke gani kullum, in ka wuce ka gaishe shi. Bishiya ba ta mantuwa."

Shekara da shekaru ina bin hanyar ina gaishe su, ko ɗaya bai kuɓuce min ba. Sai gari ya ci gonakin, aka sare bishiyoyin, aka yi gini.

Jiya na tsaya gaban wani shago inda kanya take a da. Na san mai bishiyar mace ce, na san ita ce ta biyar. Na tsaya har aka kira magariba, sunan bai zo ba. Kuma duk duniya ba sauran wanda zan tambaya.