Katakon Gunvor Kaɗai

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a garin Hemsedal ranar sha tara ga Nuwamba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan duk ranar da ta fara sauka, Torleiv yana shafa wa katakon da suke zamiya da shi a kan ƙanƙarar dutse kaki don ya yi santsi, nasa da na matarsa Gunvor, kafin ta gama dafa kofi. Yau na Gunvor kaɗai ya jingina a ƙofar bukka.

Ta dubi katakon, ta dube shi. "Naka fa, tsoho? Ko kakin ne ya ƙare?"

Ya sunkuyar da kai. Tun Satumba likita ya hana shi hawan dutse, ya ɓoye mata don tsoron kada abin da ya haɗa su ya ƙare.

"Ki hau ke kaɗai," in ji shi. "Zuciyata ta gaji."

Gunvor ta zauna a benci, ta saki doguwar ajiyar zuciya.

"Ba inda za ni. Shekara uku gwiwoyina na ciwo, ina daurewa don kada ka hau kai kaɗai, sarkin taurin kai."

Dariya ta ƙwace masa, idanunsa suka kawo ruwa.

"Matso kusa," ta ce. "Daga nan ma ana ganin dutsen."