Hotona a Ƙofar Jami'a

"Baba, ƙara murza shi!" in ji ɗaliban nan masu yaƙi da hayaƙi a jami'armu. Na murza babur ɗina, ya yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe. Suka ɗauki hoto suna tari.

Ban yi mamaki ba. Masinjojin da muka fara aiki tare duk sun kwanta dama, ni da babur ɗin nan muna nan daram. Ai dole a karrama mu.

Ranar da aka kafa allon a bakin ƙofa, na jawo jikata da ke karatu a can.

"Ke amarya, karanta wa angonki yabonsa. Ɗaga murya masu gadi su ji."

Ta duba, ta toshe baki. "Tsoho, cewa aka yi: daga yau irin wannan babur ba ya shiga. Mu rage hayaƙi."

Mai gadi ya miƙo hannu. "Baba, makulli."

Yanzu a ƙafa nake kai saƙo. Amma ku je ku gani da idonku: hoton shugaban jami'a ko rabin nawa bai kai ba.