Tsinke Ɗaya Daga Tiren Tambari

Wata huɗu ke nan da dawowar Muntari unguwarsu ta Runjin Sambo, amma ba wanda ya ga tsoka ta shiga bakinsa. Shekara bakwai ya yi a Kudu. Ya dawo da tsohuwar a-kori-kura mai tamfol, da tabo a babban yatsa, da wata sabuwar aƙida: duk abin da ya fito daga jikin dabba ya bar shi. Nama, ƙwai, nono, man shanu. Har takalmin fata ya daina sawa, sai na roba.

Mahaifiyarsa Iyatu ta yi kuka, ta karɓo masa rubutu, da ta gaji ta koma dafa masa wake da alayyafo a tukunya daban. Unguwa kuwa ta samu abin yi. Aka laƙaba masa Malam Zomo. In ya wuce, masu Keke su yi ta tambayarsa ko a sayo masa harawa.

Shi ma bai raga musu ba, sai dai nasa rainin a ciki yake. Bayan la'asar yakan zauna gefen majalisar ƙofar gidan Alhaji Attahiru, attajirin hatsi, yana kallon manya da gemu suna lashe yaji har gwiwar hannu. Hirar kullum ɗaya ce: tsadar fetur, zaɓe mai zuwa, yadda jakunan masu yashi suka yi wuyar samu. Baki na taunawa, baki na surutu. Ba wanda ya taɓa tambayar kansa komai. In suka tsokane shi, sai ya karanto musu abin da ya haddace a waya, cewa dabba ma tana jin zafi kamar mutum, su kwashe da dariya.

Tambari mai tsire kaɗai ne bai taɓa sa baki ba. Kansa a duƙe, yana fifita wuta. Tsirensa ya yi suna: yanka manya, ƙuli mai yawa, ga araha. Har daga Ƙofar Kware ake zuwa saye.

Muntari ya iya jure komai saboda abu ɗaya, Mariyatu, 'yar Alhaji Attahiru. Tun kafin ya tafi Kudu yake sonta, ita ma ta jira. Magabatansa sun je sau biyu, Alhaji yana ta ja musu rai. Duk Lahadi Muntari yakan tafi kasuwar bakin iyaka saro albasa, ya dawo Litinin da ƙamshin turare mai ƙarfi a jikinsa, ya tarar har yanzu Alhaji bai sa rana ba.

Ran wata Talata Alhaji ya yanke shawara a gaban kowa. Ya yafito Tambari da tirensa, ya zaɓi tsinke mafi kitse, ya miƙa.

"Muntari, matso. Ɗiyata ba akuya ta ba, da za ni kai ta gidan dussa. Ban ba da ita ga mai haramta abin da Allah ya halatta. Ga tsinke guda. Ci shi nan gabanmu, gobe a sa rana."

"Baba, ban ce haramun na ba. Zuciyata ce dai ba ta ɗauka."

"To zuciyar ta zaɓa."

Muntari ya karɓi tsinken. Mai yana gangarowa kan yatsansa. Wata magana ta zo masa baki, ya dubi Tambari, ya haɗiye ta. Ta cikin zaure ya hango gefen mayafin Mariyatu, ta laɓe tana saurare. Ya ɗaga tsiren har ya kusa taɓa leɓensa. Wani ya fara cewa bismillah a madadinsa.

Sai ya mayar da shi kan takarda.

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka tsaya. Alhaji ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Tashi ka ba ni wuri, Malam Zomo. Tambari, naɗe wannan da guda biyar, a kai ma Mariyatu ciki. Ita ta san daɗi."

Muntari ya bi ƙunshin da ido har ya shige zaure. Wani dattijo, Malam Siddiƙu, wanda bai yi dariya ba, ya girgiza kai ya ce, "Ko ba komi, yaron ga na da magana guda. Irinsu sun yi ƙaranci."

Ya taka zuwa lungun da ya ajiye motarsa. Yana kwance igiyar tamfol sai ga Tambari, wai ya zo karɓar albasa. Ya waiga hagu da dama, ya yi ƙasa da murya.

"Haba, Muntari. Guda ɗai na hwa. Da ka daure."

Muntari ya dube shi sama da ƙasa. Ai dabarar ta yi aiki wata huɗu cur. Wanda ya ƙi tsiren Tambari kaɗai, za a tambaye shi dalili. Wanda ya ƙi har ƙwai da nono, dariya kawai za a yi masa.

Kuma da naman jakin da ya kawo wa Tambari makon jiya ne, wataƙila da ya rufe ido ya haɗiye saboda Mariyatu. Amma jakin da aka yi tsiren yau da shi, wanda shi da hannunsa ya feɗe ya ɓoye ƙarƙashin buhunan albasa, a gefen hanya ya tsince shi, cikinsa har ya kumbura.