Taransifomar Malam Tukur

Tartsatsi ya tashi tsakanin wasu ƙarafa biyu, shuɗi, yana ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Malam Tukur, malamin kimiyya a Tawa, ya ja da baya yana dariya shi kaɗai. Shekara uku yana mafarkin wannan wasan.

Abin da ya rasa a da shi ne taransifoma irin ta saman turken lantarki. Sai ya tura wa Sabo mai tsofaffin ƙarafa hoton wata taransifoma da ya gani.

"Irin wagga nika so, Sabo."

"Za ta samu, Malam. Amma kak ka tambaye ni inda ta hito."

"Wa ya tambaye ka?"

Shekaranjiya Sabo ya kawo masa ita. Yau yana cikin ɗaukar bidiyon tartsatsin waya ta shigo. Abdulrahim ne, yayan matarsa Raƙiya, wadda ta tafi ƙauyensu bayan garin Barmu haihuwar fari.

"Malam, sai haƙuri. Ta sauka da hantsi, namiji, amma ya koma."

"Mi ya same shi?"

"Numfashi ya gagare shi. Ga na'urar iska nan, ba wuta. Kwana ukku ke nan ɓarayi sunka kwance taransifomar bakin asibiti."

Tukur ya kashe wutar. Ya buɗe hoton da ya tura wa Sabo.

Ga taransifomar a sama. A ƙasa ga allon asibitin, da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro. A gindin turken kuwa Raƙiya ce riƙe da katin awo, tana yi masa murmushi. Ta zaci ita yake ɗauka.