Ni Ne

"Wa ya tambayi maganin ƙurajen kai jiya?" wata ta rubuto a guruf ɗin Matan Rafin Guza.

"Ni ne," in ji Maman Shamsiyya.

Ladidi ta ajiye ludayi. Ita ta buɗe guruf ɗin, kuma doka ɗaya ta kafa: ban da maza. Mata ɗari uku ne ke zazzage cikinsu a nan. Wace mace ce za ta ce "ni ne"?

Ta bi tsofaffin saƙonnin lambar. Babu hoto, babu saƙon murya ko ɗaya, sai tambayoyi. Yaya ake kaɗa kuka kar ta yi gudaji? Yaya ake tsefe kan yarinya ba ta yi ihu ba? Lallai wani ƙato ne ya laɓe yana jin sirrinsu.

Ta danna kira. Muryar namiji ta amsa.

"Malam, ba ka ji kunya ba? Ina mai wayar?"

Ya ce, "Matata Harira ta rasu wata biyar ke nan, wajen haihuwa. Ni direba ne daga Gusau, ba ni da kowa a Kaduna. Shamsiyya shekararta huɗu. Abin da kuke koya wa juna, da shi nake rainonta."

Ladidi ta daɗe tana kallon wurin da ake danna a cire mutum daga guruf. Tuni mata sun cika guruf da tambayar wane ne.

Ta share ido, ta rubuta: "Na bincika. Uwa ce."