Sanda Daidai Ƙuguna

Wata la'asar a ƙofar gidanmu a Babban Mutum, Baba yana zaune kan tabarma, tari ya ramar da shi, yana fere mini sandar buga ƙodagon goruba. Ni doguwa nake so, irin ta manyan yara. Ya tsayar da ni, ya gwada ta a jikina, ya yanke daidai ƙuguna.

Ya ce, "Wadda ta fi ƙarfinka ba za ta juyu ba."

Na ce, "In na ƙara tsawo fa?"

Ya daɗe yana kallon wuƙar. "Sai yayanka ya gwada maka."

Na ruga fili ina murna. Bai kai kaka ba. Har yau ina tunanin tun yaushe ya sani.